Safar Ulu a Ƙofar Mam Wusu

Penjwen, 9 ga Afrilu, 1995

Gwaggo Kazhal,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da keken ɗinkinki da ba ya hutawa. Yaya gwiwar? Ni lafiyata ƙalau. Kaka Piroz ce dai jiki ya ƙi. Likita ya ce mu mayar da ita gida mu riƙa ba ta abin da ranta ke so, kin kuwa san abin da wannan magana ke nufi.

Zauna kafin ki karanta sauran, don na san ki da zabura. Daga tashar Penjwen nake rubuto miki, kuma ni kaɗai ce. Mako biyu ke nan Kaka ba ta da zance sai na marmaron ƙauyenmu, Kani Bardan. Hankalinta yana zuwa yana tafiya, shekaranjiya ma da sunan Baba Sabir ta kira ni, amma roƙon nan bai taɓa sauyawa ba: a kawo mata ruwan marmaron ta jiƙa maƙoshi, da ƙasar wurin cikin tafin hannu a zuba mata a kabari. Ɗanta namiji ɗaya ne, yaƙi ya cinye shi. Jikarta ɗaya ce, ga ta nan tana rubutu a kan gwiwa. Na ɗauki hutu a makaranta, na bar Kaka a Slemani a hannun maƙwabciyarmu Sabriya.

Kada ki ce hanya. Direban Slemani ya tashi wani mai gashin baki daga kujerar gaba ya ce, "Malama ce za ta zauna nan, kai koma baya ka matsu da 'yan'uwanka." A shinge biyu masu bindiga sun tambaye ni ina mijina, na ce yana gaba yana jirana. A na uku na gaji da ƙarya, na faɗi gaskiyar Kaka. Mutumin ya sauke bindiga ya ba ni dafaffen ƙwai biyu.

Akwai wani direba, Jaza, da ke hawa kwarin idan hanya ta yarda. Gobe zai kai ni, kuma ta hannunsa wasiƙa za ta same ni. Sanyin nan kamar ba bazara ba. Allah ya saka miki da safar ulun da kika saƙa mini, mai jan zane a idon sawu, ita ce ke riƙe da ƙafata.

'Yarki,
Trifa

Kani Bardan, 11 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kin gama yi mini faɗa a zuci. Na iso lafiya.

Ƙauyen da Kaka ke ba ni labari babu shi. Sojoji sun baje shi tun lokacin yaƙi, gida tara kawai aka sake tayarwa. Jaza ya sauke ni a ƙofar dattijon wurin, Mam Wusu, dogo mai farin gira, ya ce nan baƙo ke sauka. Maigidan yana wajen awaki, matarsa Habsa ce ta fito.

Bari in ba ki dariya. Na sunkuya na cire takalmi a bakin ƙofa, ko sallama ban gama ba, sai matar nan ta tsaya tana kallon ƙafata kamar ta ga maciji. Sai ta ruga ciki. Ta dawo a guje da gurasa mai zafi, ta barbaɗa gishiri, ta tura mini a baki da hannunta.

Na ce, "Inna, bari in wanke hannu mana."

Ta ce, "Haɗiye tukuna. Haɗiye, na ce!"

Ina cikin tauna Mam Wusu ya shigo. Ta ɗaga murya har maƙwabta na ji, ta ce, "Maigida, ka yi baƙuwa. Ta ci gurasarka, ta ci gishirinka." Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Maraba, a kan idona kika sauka, 'yata." Ban taɓa ganin mutane masu saurin ciyar da baƙo haka ba.

Na ce musu kakata 'yar nan ce, ruwa da ƙasar marmaro na zo nema. Na buɗe baki zan faɗi sunan gidanmu, Habsa ta miƙo shayi ta ce, "Baƙo ba shi da suna sai ya kwana uku. Su wa suka rene ki?" Na karɓa na sha. Ta kuma karɓe safata wai za ta wanke, ta ba ni tata mai ƙaiƙayi.

Matsala ɗaya ce. Marmaron yana can sama, kuma gangaren duk nakiya ce da aka binne lokacin yaƙi. An shafa wa wasu duwatsu jan fenti, amma wanda ya san hanyar da ƙafarsa mutum ɗaya ne, Bestun, ɗan ƙanen Mam Wusu, wanda ke kiwo a can. Zai girme ni da 'yan shekaru, ba ya magana, bai ko ɗaga ido ya dube ni ba. An ce ruwan sama yana gusar da nakiya daga mazauninta, don haka sai ƙasa ta tsane.

Ki kwantar da hankalinki. Ina hannun mutanen kirki.

Trifa

Hawler, 14 ga Afrilu

Trifa,

Lafiyata lau, gwiwa da sauƙi, gaisuwar ke nan, ba ni da lokacin wata. Yau takardarki ta Penjwen ta zo, kwana biyar tana yawo a aljihun direbobi. Da na karanta sai da na dafa bango.

Ke da iliminki, ba ki taɓa tambayar kanki me ya sa duk danginmu ba wanda ya koma Kani Bardan ba, alhali wasu sun koma? Laifinmu ne, mu muka ce miki sojoji suka kore mu. Mun bar garin shekara goma sha tara kafin sojoji su zo. Kina goye a lokacin.

Ga gaskiyar, Allah ya yafe mana ɓoye ta. Ruwan marmaron nan rabo ake yi, yau gonar wannan gida, gobe ta wancan. Wata ranar rani mahaifinki da wani mai suna Taufik suka haɗu a bakin ruwa, kowa na cewa ranarsa ce. Sabir yana riƙe da shebur. Taufik bai tashi ba. Kafin azahar mun kwashe abin da hannu zai ɗauka mun tsallake dutse. Ba a zauna sulhu ba, ba a yafe ba, jinin yana nan yadda aka bar shi. Kakarki kuwa shekara ashirin da shida tana rantsuwa ranar tamu ce.

Za ki ce ba a taɓa mace a kan jini. A da ke nan. Yanzu kowane matashi yana kwana da bindiga, kuma a dutsen da ke cike da nakiya ba sai an ɗaga miki hannu ba, a ce miki "bi nan" ya isa, kowa ya ce ƙaddara ce.

Ki ji ni da kyau. Kada ki faɗi sunan ubanki, kada ki faɗi na Piroz. Ki nisanci gidan Wusu, yayan marigayin ne. Taufik ya bar ɗa namiji, yana da shekara shida a lokacin, yana tsaye a wurin abin ya faru. Ki shiga motar farko ki sauko. Ruwa dai ruwa ne, ki ɗebo na kowane rafi, tsohuwar ba za ta gane ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Gwaggonki,
Kazhal

Kani Bardan, 15 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Ni ma lafiya, sai dai barci ba ya yi mini daɗi. Shiru ban ji daga gare ki ba. Ko fushi ne? Ruwa ya cinye gadar ƙasa, Jaza bai hau ba tun ranar da ya kawo ni. Wannan da ta baya wani mai alfadari ne ke sauka da su.

Yau kwanana biyar, kuma har yanzu ba wanda ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni. Kwana ukun sun wuce, na jira, shiru. Jiya da rana na ce, "Mam, ba ka so ka san kakata ba? Wataƙila kun yi wasa tare." Ya juya cokali a shayinsa ya ce, "Tsofaffi suna da yawa, 'yata." Habsa ta ce in zo in taya ta tuya, alhali ta gama tuyar.

Ba a barina ni kaɗai. In zan je bayan gida Habsa tana biye, in zan leƙa kangon gidajen da, Mam Wusu ya ɗauki sandarsa. Matan ƙauyen suna gaishe ni daga nesa, ba mai shigowa. Na tambayi safata sau uku, wai ba ta bushe ba. Safa ce ko bargo?

Bestun ya daina cin abinci a gidan. Da safen nan na same shi a bakin garke yana gyaran igiya, na ce masa sannu da aiki. Ya yi magana a karo na farko. Ya ce, "In ƙasa ta tsane ni zan kai ki. Na daɗe ina son in nuna wa wani wurin nan." Na yi godiya. Amma da na juya sai na ji bayana ya yi sanyi, ban san dalili ba.

Wataƙila zaman dutse ne ke sa ni tunanin banza. An ce nan da kwana huɗu za mu hau. Ki aika a duba mini Kaka.

Trifa

Hawler, 17 ga Afrilu

Trifa, 'yata,

Innalillahi. Takardarki ta biyu ta zo, kina ba ni dariya, ni kuwa ina karantawa ina salati. Ko gaisuwa ta gagare ni, ki yafe.

Ni na kai ki. Ni da hannuna. A ƙauyenmu kowane gida da zanen safarsa, uwa ke koya wa 'ya, daga nesa ake gane ɗan wane gida ne ke tafe. Jan zanen nan na idon sawu namu ne, ba mai saƙa shi a duk kwarin sai mu. Shekara da shekaru hannuna ya saba, ko tunani ban yi ba. Kin cire takalmi a ƙofar Wusu kin ajiye musu sunan ubanki a ƙasa.

Habsa ƙawata ce tun muna 'yan mata, tare muka koyi saƙa. Ta gane ki kafin ki buɗe baki. Gurasar da kike wa dariya ita ce garkuwarki, domin wanda ya ci gishirin gida, maigidan ba ya taɓa shi, ba ya kuma bari a taɓa shi a ƙarƙashin rufinsa. Shi ya sa ba sa so ki faɗi suna. Abin da ba a furta ba ana iya kawar da kai daga gare shi.

Amma ki lura, rufin Wusu iyakarsa ƙauye. Dutse ba shi da rufi. Bestun ɗin nan shi ne yaron da na gaya miki. Kada ki bi shi. Ki ce ciki na ciwo, ki ce kin fasa, ki ce duk abin da ya zo bakinki. Kada ki taka gangaren nan a bayansa, Trifa, na haɗa ki da Allah.

Kazhal

Hawler, 22 ga Afrilu

Trifa,

Ta ranar sha biyar ta same ni jiya. Kin ce kwana huɗu. Na ƙirga, kwana huɗun sun cika sun wuce tun kafin takardar ta iso hannuna. Wato duk abin da zai faru ya riga ya faru, ni ina nan ina ɗinka wa mutane rigunan biki.

Na je tasha sau uku. An rufe hanyar Slemani saboda rikicin ɓangarorin masu bindigar nan, ba mota mai wucewa. Wani direba ya ce ya ji nakiya ta tashi a wani dutse wajen Penjwen, bai san ko akuya ce ko mutum ba. Na zauna a ƙasa a gaban mutane.

Ban san inda zan aika wannan ba. Zan aika gidan Sabriya. In kina raye ki rubuto mini ko kalma ɗaya ce.

Kazhal

Slemani, 26 ga Afrilu

Gwaggona,

Ina raye, ƙafafuna biyu suna nan. Nakiyar da kika ji labarinta ba a kwarinmu ta tashi ba. Ki sha ruwa ki zauna, zan ba ki labarin a jere.

Ranar sha tara da safe, na ɗaura gyale, gora na hannuna, Bestun na tsaye a waje, sai ga Jaza ya hau da wasiƙunki biyu. Hannun Mam Wusu ya ba su. Tsohon ya juya su, ya ga sunanki a baya, ya miƙo mini a rufe ya ce, "Karanta a ciki, muna jira."

Na karanta a tsaye. Gwaggo, ban san tsoro yana da ɗanɗano ba sai ranar, bakina ya yi ɗaci kamar na tauna ƙarfe. Motar Jaza tana nan ba a kashe ta ba, taku ashirin tsakanina da ita. Na so in bi maganarki. Amma na tuna Kaka, ta sha ruwan marmaron nan shekara arba'in, kina ganin za a ba ta na rafi ta kasa ganewa? Kuma na ji kunya. Kwana tara ina cin abincin mutane suna kallon fuskar wanda ya kashe musu ɗan'uwa.

Na ce wa Habsa ta ba ni safata. Ta ce ba ta bushe ba. Na ce, "Inna, ba ni ko da jiƙaƙƙiya ce." Ta dube ni, ta zaro ta daga ƙarƙashin katifa. Na saka, na fito da takalmi a hannu, na tsaya a gabansu na ce, "Ni ce Trifa 'yar Sabir, jikar Piroz. Yau na san abin da ya faru. In ba za a kai ni ba, ban ga laifin kowa ba."

Habsa ta dafe kai ta ce, "Wayyo, 'yar birni! Wa ya tambaye ki?"

Mam Wusu ya ce, "Mun sani tun kina bakin ƙofa. Sa takalminki." Ya juya wajen Bestun ya ce, "Zan biyo ku."

Bestun ya ce, "Baffa, ƙafarka ba ta hawa. Kuma in ka biyo ni, ka nuna wa gari ba ka yarda da ni ba ke nan." Tsohon ya zauna a kan dutsen ƙofar gida, ya cire rawaninsa ya ajiye a gwiwa ya ce, "Ba zan mayar da shi kaina ba sai baƙuwata ta dawo."

Muka hau mu biyu. Bestun ya ce inda ya ɗaga ƙafa nan zan sa tawa, kada in dubi komai sai sawunsa. Jajayen duwatsun sun ƙare tun a rabin hanya, daga nan sai ciyawa da furanni, ko'ina iri ɗaya. Na ga nakiya guda ɗaya da idona, ruwa ya tone gefenta, koriya, ba ta fi murfin tukunya ba.

Kusa da marmaro ya tsaya cak. Ya yi tsalle ya haye wani faffaɗan dutse, ya bar ni a tsakiyar ciyawa, babu sawu a gabana. Ya ce, "Nan ya faɗi. Ni ina can, ina riƙe da tulu. Ubanki ya dube ni, sannan ya gudu."

Na ce, "Ban sani ba sai yau."

Ya ce, "Ni kullum na sani."

Tsakanina da dutsen taku uku ne. Ina jin kukan ruwan. Na ce, "Ina zan taka?" Ya tsaya yana kallona. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai karanta duk abin da na haddace. Ya dubi safata da ta leƙo saman takalmi, ya dubi ƙauyen can ƙasa, inda ake hango farin kan tsohon. Sai ya sauko daga dutsen, ya dawo inda nake, ya sake taka taku ukun a hankali, yana danna ƙafa don sawun ya fito sosai.

Shi ya cika mini gorar, shi ya ɗebi ƙasar ya ƙulle a gyalena. Ya ce, "Ki gaya wa tsohuwar ranar tamu ce. Abin da nake so ke nan, a kai mata wannan."

Na iso na tarar da Kaka da sauran numfashi. Na ɗiga mata ruwan, ta buɗe ido ta ce, "Wa ya kai ki?" Na ce ɗan Taufik, na kuma isar da saƙonsa, don amana ce. Ta juya fuska bango. Na ɗauka hankalin ya sake tafiya. Can ta ce, "Tasu ce. Ni na ce wa Sabir ya je ya tare ruwan, inabina na bushewa." Ta cika shekaranjiya da hantsi, an zuba mata ƙasarta. Allah ya jiƙanta. Na rubuta maganarta yadda ta faɗa, na ba direban Penjwen ya kai wa Jaza, shi kuma ya miƙa wa Bestun.

Habsa ta ce in gaishe ki, wai har yau ba ki iya dunduniya ba, ta nan ma ta fara gane hannunki. Da za mu rabu na ja ta gefe na ce, "Inna, da Mam ya riga shigowa kafin gurasar ta shiga bakina fa?"

Ta gyara mini gyale ta ce, "Shi ya sa na yi gudu."

In hanya ta buɗe ki zo, gidan ya yi mini girma.

'Yarki,
Trifa